Darasi na Tara: Wayar Intanet, Tsohuwar Kwamfuta da Yadda Ake Rabuwa da Su

Da wuya a shiga gida yau ba a tarar da na'urar da aka ajiye ba: waya a cikin kwalla, rediyo a kan durowa, kwamfuta a ƙarƙashin gado. Da gumi aka saye su, kuma da yawansu ba su kai ga mutuwa ba aka haƙura da su. A wannan darasi za mu bi na'ura tun daga hannun mai sayarwa har zuwa ranar da za ta bar gidanku.

Waya da data

Kira da ƙaramar waya mai madannai kuɗin kati yake ci. Kira ta WhatsApp a babbar waya kuwa data yake ci, shi ya sa uwa za ta daɗe tana hira da ɗanta da ke Legas ko Saudiyya da kuɗi kaɗan. Sharaɗi dai su biyun suna da data, sabis kuma yana da ƙarfi.

Ana auna data da MB da GB. Kimanin MB 1,000 shi ne GB 1. Saƙon rubutu da na murya ba sa cin komai sosai. Bidiyo ne mai cinye ta. Mutum zai ce, "Jiya na sa data, yau babu," alhali bai kalli komai ba. Sau da yawa dalilin shi ne wayar tana sauke duk bidiyon biki da na wa'azi da aka turo a zauren dangi, ba tare da ta tambaye shi ba. Ku sa wani ya nuna muku inda ake kashe wannan a cikin saitin WhatsApp, sai abin da kuka taɓa da yatsanku kawai ya sauka. A Najeriya, tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta mayar da lambobin dubawa iri ɗaya a kowane layi: *310# don ganin kuɗin kira, *323# don ganin ragowar data.

In za ku sayi waya ta hannu, ko a Farm Centre ta Kano ko a kasuwar garinku, kada ku yi gaggawa. Ku sa layinku a ciki, ku kira wani, ku ji muryarsa, shi ma ya ji taku. Ku jona caja ku ga tana ɗauka. Sannan ku danna *#06#. Doguwar lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, sunanta IMEI, kuma kowace waya da tata. Ku sa mai shagon ya rubuta ta a kan rasit tare da sunan shagonsa. Wayar sata, in aka bi sawunta, wanda aka samu tana hannunsa shi ake fara kamawa, takardar nan ce shaidarku. Ku tabbata kuma mai ita na farko ya cire asusunsa na Google, in ba haka ba ranar da aka goge wayar za ta kulle ta ce sai shi. Waya mai tsufa sosai ma asara ce: tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba.

Layin da ke cikin wayar ya fi wayar daraja. Tun Disamban 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma ta layin ne banki yake turo saƙo. Idan waya ta ɓata, ku fara da rufe layin da sanar da banki, kafin cigiya. Duk wanda ya kira yana neman lambar sirrinku, ko da ya ambaci sunanku da na mahaifinku, ku kashe wayar.

Babban maƙiyin batir shi ne zafi. Kada a bar waya a rana, kada a tura ta ƙarƙashin matashi tana caji. In za a tayar da janareto, a zare caja sai wutar ta daidaita. Ku riƙa duban bayan wayar da gefenta. In kun ga murfin ya ɗago, ko gilashin ya fara rabuwa da jikinta har farce zai shiga, batirin ya kumbura. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai iska ta fita, wuta yake kamawa. A daina yi mata caji, a kai wa mai gyara.

Kwamfutar da ta fara nauyi

Kwamfuta in ta fara jan ƙafa, ba lallai ta ƙare ba. Ku kasa kunne. In fankarta tana gurnani, ƙasanta yana zafi har ba a iya ɗora ta a cinya, yawanci ƙura ce. Mai gyara in ya buɗe ta bayan hunturu, zai ciro ƙura a dunƙule a bakin mafitar iska, ta toshe hanyar baki ɗaya. Share wannan kaɗai yakan dawo da ita hayyacinta. Ɗora ta a kan katifa ko darduma ma toshe iskar yake yi. A ɗora ta a kan tebur ko faranti.

Abu na biyu shi ne ma'ajiyarta. Tsofaffin kwamfutoci suna da faifai mai juyawa a ciki, yana da jinkiri. Ana cire shi a sa sabon iri mai suna SSD, wanda ba ya juyi. A ganina babu gyaran da ya kai wannan amfani a tsohuwar kwamfuta: wadda sai an jira ta tsawon lokaci kafin ta buɗe, sai ta koma buɗewa nan da nan. In da hali a ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da take kai, daga GB 4 zuwa 8.

Akwai maganar manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma kamar ɗakin da aka daina yi wa yaɓe take: yana tsaye, kowace damina tana rage shi. Kada a yi harkar banki a kanta. Masu gyara da suka san aikinsu suna iya ɗora mata Linux Mint, kyauta ce, kuma ba ta da nauyi. Ko babu intanet, irin wannan kwamfuta tana da babban amfani a gida. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, kuma abin tausayi ne yaro ya fara taɓa madannai a ranar jarrabawa. Amma in kuɗin gyara ya kusa kai na sayen wata mai lafiya, a haƙura.

Ranar rabuwa

Kafin na'ura ta bar hannunku, ku kwashe sirrinku. A waya, a cire layi da memori, a fitar da asusun Google, a goge ta ta koma kamar sabuwa. A kwamfuta, a kwafe hotuna da takardu, a ciro faifan a ajiye a gida. Hoton iyali da kuka zaci kun goge, wanda ya iya yana dawo da shi.

Daga nan yawanci 'yan jari-bola ne suke saye. Sana'a ce ta halal, kuma suna rage mana shara. A cikin na'urorin akwai jan ƙarfe da alminiyom, har da ɗan zinare a jikin allunan ciki. Amma akwai guba. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma. Batirin mota da babban batirin sola mai ruwa dalma ce da asid. Wasu tsofaffin allunan kallo na kwamfuta suna da zaiba a fitilunsu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma kashi 22 cikin 100 kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Accra, samari da yawa daga arewacin Ghana sun shafe shekaru suna ƙona wayoyin lantarki don su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi, kafin gwamnati ta rushe wurin a 2021. Irin wannan ƙonawar muna ganinta a bayan garuruwanmu.

Mun riga mun san abin da dalma take yi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gida ta fito, amma dalmar ɗaya ce da ta cikin batir. Ba ta da wari. Yaro yana rarrafe, ya taɓa ƙasa, ya kai hannu baki, ta shiga jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Don Allah kada a fasa batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kada a narka dalma a tukunyar girki. Masu sayar da batiran sola da na mota sukan karɓi tsoho su rage kuɗin sabo, wannan ya fi. Kada a ba jariri matacciyar waya ya yi wasa da ita, baki zai kai ta. Ƙananan batiran agogo masu faɗi kuwa a ɓoye su. Yaron da ya haɗiye ɗaya a garzaya da shi asibiti a take, ba a jira.

Hukumar kula da muhalli ta Najeriya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, amma wuraren karɓar matattun na'urori har yanzu ba su wadata ba, don haka kulawar ta rage gare mu. In ɗanku ko ƙaninku yana wannan sana'a, ku gaya masa ya fere wayar lantarki da wuƙa maimakon ƙonawa. Jan ƙarfen da bai sha wuta ba ya ma fi kuɗi. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya sauya kaya kafin ya shigo gida ya ɗauki yaro.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya danna *#06# ya rubuta lambar IMEI ta wayarsa a bangon littafin nan. Sannan ku zagaya gida ku rubuta sunan kowace na'ura da ta daina aiki, da abin da ya same ta. Ku zo aji da takardar, za mu ware tare: wadda za ta gyaru, wadda za a sayar, da wadda za a ɗauke daga inda yara suke.