Darasi na 9: Yadda Ake Haɗa Mint Julep, Abin Shan Mutanen Kentucky

Toh ɗalibai, darasin yau na awo ne da aikin hannu, kuma zai fi amfanar waɗanda ke aiki a otal ko gidajen baƙi a Abuja, Jos, Legas da makamantansu, inda baƙo zai iya ambaton sunan abin sha ka tsaya kana kallonsa. Tun farko mu faɗi gaskiya, asalin wannan haɗin na mint julep, wato abin sha mai sanyi na ganyen na'a-na'a da sukari da ƙanƙara, da barasa ake yin sa, Musulmi ba ya sha, kuma a jihohi irin su Kano da Zamfara doka ma ta hana. Shi ya sa a ƙasa za mu kawo yadda ake yin na shayi wanda babu barasa ko ɗigo.

Barasar da ake sawa a julep ita ce bourbon, wani nau'in wiski ne na Amurka. Dokar ƙasar ta ce dole masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi shi da shi, sannan a ajiye shi cikin sabuwar ganga ta katako da aka babbake cikinta da wuta, daga nan yake samo launin ruwan zuma da ɗan ƙamshin hayaƙi, kuma ba a zuba shi a kwalba da ƙarfin barasar da bai kai kashi 40 cikin 100 ba. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin kayan ƙasar na musamman. Mafi yawansa a jihar Kentucky ake yi, kuma a can ne a birnin Louisville ake tseren dawakin nan Kentucky Derby tun 1875, yawanci Asabar ta farko a watan Mayu, ranar nan za ka ga mutane da yawa a filin da kofin julep a hannunsu.

Kayan haɗin ba su da yawa: ganyen na'a-na'a ɗanye kamar 8 zuwa 10 da wani reshe mai kyau na ado, ruwan sukari cokalin shayi 2, bourbon mililita 60, sai ƙanƙara da yawa. Mililita 60 ɗin nan kar ya ruɗa ku, babban cokalin cin abinci yana ɗaukar 15, kenan cokali 4. Cokalin shayi kuma 5 yake ɗauka.

Ruwan sukarin shi ake fara yi. Kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya narke, ba sai ya tafasa ba, a sauke ya huce a zuba a kwalba mai tsabta a sa a firji. Wasu na zuba garin sukari kai tsaye cikin kofi, to matsalar ita ce sukari ba ya narkewa da kyau a cikin sanyi, sai ya kwanta a ƙasa, sama ba zaƙi ƙasa kuma ya yi yawa.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi ɓata abin. Ka sa ganyen na'a-na'a a gindin kofi ka zuba ruwan sukarin a kai, sai ka ɗan danna da bayan cokali sau huɗu ko biyar a hankali, dannawa fa nace ba daka ba, ba kayan miya kake jajjagawa ba. Ƙamshin yana jikin fatar ganyen ne, da ka ɗan matsa zai fito, amma in ka murje shi ya dagargaje sai ɗacin ganye ya fito ga kuma ɓarɓashi kore na maƙalewa mutum a haƙori. In ka shinshina kofin ka ji ƙamshi ya taso, ya isa haka.

Sai ƙanƙara. Ba manyan dunƙule ake so ba, dakakkiya ake so. Ka naɗe ta a tsumma mai tsabta ka buga da tabarya ko muciya har ta zama tsaki-tsaki, tsumman zai tsotse ruwan da ya narke. Ka zuba bourbon ɗin a kan ganyen, ka cika rabin kofin da ƙanƙara ka juya da dogon cokali kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 har bayan kofin ya yi raɓa, ka ƙara ƙanƙara ta yi tozo a sama. Mutanen Kentucky a kofin azurfa ko na ƙarfe suke yi saboda ƙarfe na ɗaukar sanyi har bayansa ya yi fari, kuma a baki ko a gindi ake riƙe shi don kar ɗumin hannu ya narkar da ƙanƙarar. In babu, kofin silba na gida ya wadatar, ni a ganina ya ma fi tambulan na gilashi. Reshen adon nan ka tafa shi sau ɗaya tsakanin tafukanka ka soke shi dab da tsinken zuƙa, don hanci ya riƙa jin ƙamshin duk zuƙa.

Ma'aikacin otal ya sani cewa sanyi da zaƙi na ɓoye ƙarfin abin. Mililita 60 mai ƙarfin kashi 40 na ɗauke da zallar barasa mililita 24, ya fi abin da ke cikin ƙaramar kwalbar giya. Ba a ba yaro, ba a ba mai ciki, ba a ba wanda zai yi tuƙi.

Na shayi kuwa komai iri ɗaya ne, sai dai a madadin bourbon za ka dafa baƙin shayi mai kauri, jaka 2 a rabin kofin ruwan zafi na minti 4, kar ya wuce haka don zai yi bauri, ka bari ya huce sosai ka auni mililita 90. Matsa ɗan lemun tsami in kana so. A lokacin zafin Maris da Afrilu wannan ya fi lemun kwalba nesa ba kusa ba.

Aikin gida: rubuta kayan haɗin a littafinka ba tare da ka duba ba. In baƙi 3 suka nemi na shayi, babban cokali nawa na shayi za ka auna, kuma cokalin shayi nawa na ruwan sukari?