Yadda ake gyara tiyon numfashin kabureta a injin ƙaramin jirgi

'Yan uwa masu koyon aikin injin jirgi, musamman ku da kuka taso daga garejin mota ko na babur a Nima da Mamobi da Sabon Zango na birnin Accra, wannan rubutun naku ne. Akwai wani ɗan siririn tiyo mai haske da ke fitowa daga gefen kabureta, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, kuma kusan duk sabon yaro da na gani ya tsaya gaban injin Rotax 912 hannunsa sai ya yi ƙaiƙayi a kan wannan tiyon. Dalilin a fili yake, salansa tana nan ƙasan kabureta da zafinta, ga tiyo a sama wanda wani lokaci yake tofar da fetur, to duk mai hankalin makanike zai ce bari in ƙara masa tsawo in kai shi can ƙasa nesa da wuta. Niyyar mai kyau ce. Aikin ne ke iya kashe inji a sama.

Abin da ya sa shi ne tiyon nan aikinsa na farko shan iska ne. 912 na da kabureta biyu na Bing 64, ɗaya na ciyar da silinda 1 da 3, ɗaya kuma 2 da 4. Kowace na da kwano a ƙasa inda fetur ke zama, kuma abin da ke tura fetur ɗin ya hau ta jet shi ne bambancin matsin iskar da ke kan fetur a cikin kwano da wanda ke cikin maƙogwaron kabureta. Matsin cikin kwano kuwa daga ina yake zuwa? Daga bakin wannan tiyon. Saboda haka dole bakinsa ya zauna inda iska take daidai da iskar da kabureta ke shaƙa, wato kusa da filta. Ka kai shi inda iska ke zuƙa, mai ya ragu inji ya yi zafi ya fara tari. Ka kai shi inda iska ke bugowa, mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi, rawa. Kada ka raina ƙarfin iskar, a gudun kilomita 100 a awa iskar da ke bugun bakin tiyo kai tsaye za ta iya ɗaga ruwa kusan santimita 5, a 150 kuma ta wuce 10, alhali fetur ɗin cikin kwano duka zurfinsa bai taka kara ya karya ba. Kai har kamfanin Rotax da kansa ya yi wata na'ura ta injinansa masu bugu biyu wadda ke rage matsin cikin kwano da gangan don a rage mai idan jirgi ya yi sama sosai. Ka ga abin da injiniyoyi suka zauna suka auna, kai kana so ka yi shi da ido da kebul tai.

To kafin ka taɓa komai, duba wane irin tsari ne a gabanka. In kowace kabureta na da filtarta a baki, irin mai kama da mazurari ɗin nan, tiyon gajere ne kuma ana soka shi tsakanin kwano da wayar kilif da ke riƙe kwanon, shi ke nan. In akwai akwatin iska wanda kabureta biyun ke sha daga ciki, to tiyon na shiga ɗan hancin da aka yi masa a jikin akwatin. Jabiru ma haka, tiyonsa daga kabureta yana komawa akwatin filta ne. Rotax 582 da ke kan ƙananan jirage masu fiffiken yadi yana da Bing 54, nasa tiyon yana zagayawa ta ƙasa da 'yan ramuka a jiki, kada ka musanya shi da wanda ba rami. 914 mai tobo kuwa labarinsa daban ne, kwanon na ɗauke da matsin akwatin iska, in ba a koya maka ba kar ka sa hannu. 912 iS ba shi da kabureta ma sam, mai shi ya huta da wannan zancen.

Sai tambayar da ya kamata kowa ya fara yi amma ba a yi: me ya sa tiyon ke zubar da mai tun farko? Kabureta mai lafiya ba ta tofi. In ka ga jiƙa ko ka ji warin fetur bayan an sauka, ciwon yana ciki, ƙara tsawon tiyo ɓoye shi kawai zai yi. Rufe mai, ture wayar kilif, sauke kwanon a hankali kar gasket ya yage. Ciro fulot ɗin biyu, wato 'yan abubuwan da ke yawo a kan fetur cikin kwano, ka bar su su sha iska kamar minti ɗaya zuwa biyu, ka ɗora su tare a kan sikeli, kada biyun su wuce giram 7. Sun wuce, sun sha mai ke nan, a canja su, ba wani shanyawa a rana. Rotax ya fitar da sanarwa kan fulot masu nutsewa tun 2014 kuma har yau ana cin karo da su. Sikelin ba sai mai tsada ba, irin ɗan ƙaramin na masu awon zinariya ya isa, ni dai ba na yarda yaro ya buɗe kwano ba shi a kusa. Daga nan duba allurar da ke tsayar da mai, bakinta na roba ne, in ya yi zobe ko akwai ɗan datti a mazauninta ba za ta rufe ba. Duba hannun fulot ko ya lanƙwashe. Auna matsin famfon mai, littafin ya ba da bar 0.15 zuwa 0.4, sababbin famfo har 0.5. Sannan abin da ya fi yawa a wurinmu, girgiza. In sulo ya yi ƙasa ko kabureta biyun ba su daidaita da juna ba, inji na jijjiga, allura na tsalle, mai na ambaliya. Sulo ƙasa da juyi 1400 a minti haramun ne ga 912, ni kuma a wurina duk abin da ya gaza 1800 ban yarda da shi ba, giyabos ɗin ma zai gode maka.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya sosai, domin nan ne aka fi faɗuwa. Na ga wani yaro mai ƙwazo, hannunsa da tsabta wallahi, ya sayo tiyo mai kyau ya ja daga kowace kabureta ya bi bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi, ya ɗaure tsaf-tsaf, ya fito da bakin biyun ta ƙasan murfin inji, har ya yanke su a karkace don su yi kyau. Aka tayar da inji a ƙasa, lafiya lau. Aka ja totur zuwa 4000 aka gwada wuta, wato aka kashe layin wutar fulogi ɗaya bayan ɗaya don a ga yadda juyin inji ke faɗuwa, lafiya lau. Masta ya leƙa ya ce madalla. Jirgi na tashi ya fara samun gudu sai inji ya soma kakari, matuƙin ya rage totur ya zagayo ya sauka, Allah Ya kiyaye. A ƙasa kuma aka sake tayarwa, ƙalau kamar ba shi ba. Aka canja fulogi, aka wanke jet, aka zargi fetur, aka zargi gidan man da aka saya, kuɗi na ta tafiya. Ba wanda ya kalli tiyon saboda shi ne abin da ya fi komai kyan gani a cikin injin. Muguntar wannan matsalar ke nan, jirgi a tsaye ba ya nuna ta, sai iska ta fara gudu a ƙarƙashin ciki. Ƙari a kan haka bakin tiyo ɗaya ya kalli gaba kaɗan ɗayan ya kalli baya, sai ɓangare ɗaya na inji ya ƙoshi da mai ɗayan na jin yunwa, kamar mutum biyu sun ɗauki katako ɗaya wani na gudu wani na tafiya.

Saboda haka ga yadda ake yi. Cire tsohon tiyon ka ajiye shi a kan benci, shi ne ma'auninka. Sabon ya zama faɗin cikinsa ɗaya da tsohon, tsawo ɗaya, kuma duka ɓangarorin biyu iri ɗaya. A nan zan yi maganar kuɗi, na san kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai na kusa kuma tiyon ruwan gilashin mota ko na kwalbar kifi sidi kaɗan ne, amma fetur na busar da shi, zafin murfin inji na ƙarasa shi, wata biyu ya ƙage ya tsage ko ya lanƙwashe ya toshe kansa. Ka sa a haɗo maka na asali lokacin da ake odar filtar mai da fulogi, abu ne mara nauyi ba zai ƙara kuɗin kaya ba. Yanke bakinsa da reza mai kaifi, tura shi ya zauna sosai a kan hancin kabureta, saukar da shi ba tare da karyewa ba, soka shi bayan wayar kilif, bakin ya tsaya wajen gindin kwano yana kallon ƙasa. Kar ka matse shi da kebul tai har ya shaƙe. Kar ka haɗa na hagu da na dama da mahaɗa ka ja su wani wuri. Kar ka sa masa ƙaramar filta don tsoron ƙurar hunturu, na san ƙurar na damunmu daga Disamba, amma maganinta rufe jirgi da dubawa ne. Zanzaro ma na son irin waɗannan ramukan, jirgi ya kwana biyu a rumfa sai ka tarar ta cusa laka a ciki, saboda haka cire tiyon ka hura shi ka gani ko iska na wucewa, amma kada ka hura iskar kwamfresa cikin kabureta tiyo na haɗe.

Tsoron wuta fa? Tsoro ne na gaskiya kuma yana da nasa maganin: faranti. Ana ɗaura ɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowace kabureta, yana tare zafin salansa kuma duk abin da ya ɗiga ya faɗa ciki. Shi farantin ne ke da hancin magudana, kuma wannan tiyon na faranti shi za ka ja ka kai ƙasa nesa da salansa yadda kake so, tunda ba ya haɗe da cikin kwano. Tiyon numfashi na ɗiga a faranti, faranti na zubarwa waje, tsakaninsu akwai sarari na iska. In ka rufe wannan sararin ka cusa ƙaramin tiyo cikin babban har ya toshe, ka koma gidan jiya. Wasu na ƙera farantin da kansu da gwangwanin alminiyam, ba laifi in injiniya ya duba, sai dai ka tabbata za a iya sauke kwano ba tare da an kwance rabin inji ba.

Mai akwatin iska aikinsa ya fi sauƙi, tiyo daga kabureta zuwa hancin akwati, gajere, ba lanƙwasar da mai zai taru a ciki ya toshe hanya. Magudanar akwatin daban take, kar a rikita su.

In an canja murfin inji ko an matsar da filta kana shakka, ana aunawa. Tiyo mai haske a lanƙwasa shi a zuba ruwa rabi, baki ɗaya a gefen filta, ɗayan inda tiyon numfashi ya ƙare, a ja shi cikin jirgi wani ya duba a sama. Ruwan ya tsaya kusan daidai, wurin ya yi. Ya rabu, nemi wani wuri.

Sauran ka san su. Buɗe mai, kunna famfo, duba ɗiga. Ɗumama inji, gwajin wuta a 4000, kada juyin ya faɗi fiye da 300 a kowane layin wuta. Mayar da murfin inji kafin ka yanke hukunci, domin iskar ciki na canjawa da murfi. Tashin farko a yi shi a saman fili, ana kallon zafin salansa na ɓangarorin biyu, a hau da cikakken totur sannan a daidaita, in an sauka a ciro fulogi ɗaya ta kowane gefe a kwatanta launi. Kayan roba na injin duka Rotax ya ce a canja su duk shekara 5, ka sa wannan tiyon a lissafin. Sannan komai ƙanƙantar aikin a rubuta shi a littafin inji, injiniya mai lasisin hukumar kula da jiragen sama ta Ghana, GCAA, ya duba ya sa hannu kafin jirgin ya ɗauki fasinja.