Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tarihin ƙanƙarar teku daga laka

Sai a ƙarshen 1978 tauraron ɗan adam ya fara auna ƙanƙarar da ke rufe tekun Aktik a ƙuryar arewacin duniya da na Antatika a ƙuryar kudu a kai a kai. Mai son sanin yadda take shekara dubu goma da suka wuce, sai ya tambayi lakar ƙasan teku: a soka dogon bututu, a zaro sandar laka, a tsaga ta biyu, a bi ta santimita-santimita. Ita ƙanƙarar ta daɗe da narkewa. Abin da ya rage a lakar sawun halittun da suka rayu a jikinta ne, kuma wajen karanta sawun nan ake yawan yin tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne fassara sifili. Akwai wani maiƙo mai suna IP25 da wasu ƙananan gansakuka, dayatom, ke yi a cikin ƙanƙarar Aktik idan rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu. Simon Belt da abokan aikinsa a Plymouth ta Ingila ne suka gabatar da shi a 2007. In ka same shi a laka, to an yi ƙanƙara mai zuwa tana tafiya a wurin. In babu fa? Ɗalibi na ganin sifili sai ya rubuta cewa teku a buɗe yake. Alhali ƙanƙara mai kauri wadda ba ta narkewa duk shekara tana tare haske, dayatom ba su samun rayuwa, ita ma sifilin take bayarwa. Gyaran shi ne a auna maiƙon halittun buɗaɗɗen ruwa, irin su brassicasterol, a cikin yankan lakar guda. In shi yana da yawa IP25 babu, ruwa ne a sake. In duka biyun sun ɓace, ƙanƙara ce ta rufe ruf. Haɗin nan ake kira PIP25 tun 2011. Kuma kada a wahalar da kai neman IP25 a Antatika. Can ɗan'uwansa IPSO25 ake aunawa, ko a ƙirga ɓawon dayatom irin su Fragilariopsis curta.

Sai tsakuwa. Ka ga ƙwayar dutse kamar ɗan yatsa zaune cikin laka mai laushi, nesa da kowace gaɓa, ka san ƙanƙara ce ta ɗauko ta. Amma wace? Manyan duwatsu galibi tsaunukan ƙanƙara ne da suka ɓalle daga tudu suke yar da su, kamar shimfiɗun tsakuwa cikin laka da masani Hartmut Heinrich ya bayyana a 1988 a arewacin Atilantika. Ƙanƙarar teku kuwa, daskararren ruwan gishiri, yawanci taɓo da yashi mai laushi take kwasowa daga gaɓa marar zurfi irin ta Saiberiya. Haka ma ma'aunin iskar oksijin a ɓawon halittun ƙasan teku: labarin ƙanƙarar tudu da sanyin ruwa yake bayarwa, ba faɗin ƙanƙarar teku ba.

Lissafin shekaru ma yana da nasa tarkon. Kabon-14, sinadarin da ake auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa da shi, ba ya kai mutum gaba da kimanin shekara 50,000. Ruwan teku kuma tsohon kabon ne da shi, har halittar da ta mutu jiya a gefen Antatika kan fito a awo da shekara sama da 1,000. Wanda bai cire wannan ba, jadawalinsa duka ya goce. Ga tsutsotsi da ke dama saman lakar. A tsakiyar Aktik, inda santimita ɗaya kan ci wajen shekara dubu kafin ta taru, ramin tsutsa ɗaya ya isa ya cakuɗa dubban shekaru. A ɗauki hoton sandar da na'urar eksire a ga ramukan kafin a yanka, sannan a nemi wata shaidar, kamar tokar aman wuta ko juyewar maganaɗisun duniya na kimanin shekara 780,000 da suka wuce.

Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ɗauki sanda guda a ce ta yi magana da yawun teku gaba ɗaya, duk da na san samun ta ba wasa ba ne. A 2004, kafin jirgin Vidar Viking ya iya haƙa fiye da mita 400 a tudun Lomonosov da ke ƙarƙashin tekun Aktik, sai da jirage biyu, Oden na Suwidin da Sovetskiy Soyuz na Rasha, suka yi ta farfasa masa ƙanƙara dare da rana. Duk da haka sanda labarin ruwan da ke bisa kanta kawai ta sani. A jera ta da wasu daga gaɓa zuwa tsakiyar teku, sannan a fara zana inda bakin ƙanƙarar ya tsaya.