Yadda ake lissafi a kan jerin lambobi gaba ɗaya da NumPy

A ce shago ne a Makka yake sayar wa alhazai dabino, carbi da sallaya, a kan riyal 25, 10 da 40. Yau an sayar da guda 4, 12 da 3. A Python, da taimakon NumPy, wato kayan aikinsa na lissafi a kan jerin lambobi, sai ka rubuta:

import numpy as np
farashi = np.array([25, 10, 40])
adadi = np.array([4, 12, 3])
kudi = farashi * adadi

Amsa ita ce [100 120 120]. Lamba ta farko ta ninka ta farko, ta biyu ta ninka ta biyu, ba tare da ka rubuta for ba. Haka +, - da /  suke aiki.

Harajin saye a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020. Rubuta kudi * 1.15, lambar nan guda za ta bi kowane gurbi, ka samu 115, 138 da 138. Amma kada ka rubuta kudi *= 1.15. Jerin na cikakkun lambobi ne, NumPy ba zai cusa masa masu ɗigo ba, sai ya tsaya da kuskure. Ka fara da kudi = kudi.astype(float), domin ya mayar da su masu ɗigo.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne mantawa da np.array. A jerin Python na yau da kullum, [25, 10, 40] * 2 maimaita jerin yake ya zama lambobi shida, + kuma jona jeri biyu yake. Ba gargaɗi ko ɗaya, shi ya sa ya fi haɗari.

Tsawo ma dole ya dace. Jeri mai gurbi 3 da mai 4 kuskuren ValueError za su ba ka, don haka duba .shape, mai nuna girman jeri, tukuna. NumPy yana gwada lambobin .shape na jerin biyu ne daga dama: ko su zo daidai, ko ɗaya ya zama 1. Saboda haka teburin cinikin mako mai sahu 7 da gurbi 3 zai ninku da farashi kai tsaye.

Rabawa da sifili ba ta tsayar da aiki. Za ka ga gargaɗi kawai, inf (mara iyaka) ko nan (alamar "ba lamba ba") su shiga cikin amsa, kuma alamar nan guda ɗaya ya isa ya ɓata .sum() duka.

Masu aiki da hotuna su kula da uint8, nau'in lambar da iyakarsa 255. Haɗa 200 da 100 a irin wannan jeri, 44 za ka samu, domin ya cika ya koma farko. Mayar da shi int16, mai ɗaukar lambobi mafi girma, kafin ka haɗa.