Kiwon macijin Texas a zafin Yamai

Macijin da nake kiwo toka-toka ne mai ratsin ruwan lemo, asalinsa duwatsun yammacin Texas da arewacin Meziko. Masana na kiransa Lampropeltis alterna. Ba shi da dafi, matse abincinsa yake yi. Danginsa na haɗiye macizai, shi ya sa ake ce musu sarakunan macizai. Don haka kowa da akwatinsa, murfi kuma mai makulli, ƴar kafa kaɗan ta ishe shi sulalewa.

Babban abokin gabarka a Yamai shi ne zafi. Gefe ɗaya na akwati ya tsaya digiri 28 zuwa 30, ɗayan wajen 24. Mu kuwa a Afrilu muna haura 40. A irin wannan bazara na rasa macen farko: kuran ya ɗauke da rana tsaka ina kasuwa, na dawo na tarar da ita miƙe, baki buɗe. Har yau abin na min ciwo. Yanzu akwatunan suna ƙasa a uwar ɗaka, da kwalaben ƙanƙara naɗe cikin tsumma a gefe, da fasasshen tulu da nake yayyafa wa ruwa su ɓuya ƙarƙashinsa.

Kafin barbara sai sun kwanta sanyi, digiri 10 zuwa 13, wata biyu zuwa uku. Hunturunmu bai isa ba. Ƙaramin firigo nake amfani da shi, da ma'aunin zafi da ruwan sha a ciki, kullum in buɗe iska ta shiga. Ka tsayar da abinci mako biyu tukuna, ciki ya zama fayau, sannan ka sauke zafin sannu-sannu.

In sun farfaɗo, ciyar da mace sosai. Da ta yi saɓa, kai ta wajen namiji, kana tsaye a kansu. Ƙwan da za ta saka kada ka juya shi, yadda ka same shi haka za ka ɗora shi kan bamikulait (wani ma'adini ne marar nauyi mai riƙe ruwa) mai danshi, a digiri 27, kimanin kwana 60.

Ƴaƴan su ne wahalar. A daji ƙadangare suke ci, sai su ƙi jinjirin ɓera. Nakan goga jinjirin a jikin tsaka, in sa shi tare da ɗan macijin a ƙaramin gwangwani mai huji da magariba, in kashe fitila in bar su har safe. Wanda ya ƙi, sai bayan kwana biyar in sake gwadawa.