Yadda za ka koyi yi wa baƙo kwatance da Faransanci a Yamai

Mutum zai iya shekara goma a Yamai bai nemi Faransanci ba. Da Hausa zai yi ciniki a Katako, da Hausa zai hau taksi, in ta ƙure masa ya haɗa da ɗan Zabarmanci. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci kuma harshen aiki. Amma duk da haka wata rana wani ɗan Togo zai leƙo ta tagar mota ya ce maka "Pardon, le Grand Marché, c'est par où ?", ko wata baƙuwa daga Abijan ta tsaya bakin shagonka da jaka a hannu tana neman asibiti. Direbobin taksi da 'yan kabu-kabu da yaran shago da nake koya wa bayan isha'i, kusan dukansu abin da ya kawo su ke nan. Sun san garin kamar yunwar cikinsu, bakin faɗa ne babu.

Ba zan tsaya kan gaisuwa ba, wanda ke zaune a garin nan bai rasa bonjour da merci. Kuma kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen ƙaton littafin nahawu. Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan lakwal da biro ɗaya sun isa.

Da farko ka rubuta wurare goma sha biyar da kai kanka kake kwatance da su in kana magana da Hausa. Wurare na ce, ban ce sunayen tituna ba. Wa ka taɓa ji ya hau taksi ya faɗi sunan titi? Sunayen ma canzawa suke yi: a watan Oktoban 2024 titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Wuri kuwa sunansa ba ya mutuwa da wuri. Petit Marché ta ƙone tun 2012, amma har gobe da ita ake kwatance. To ka jera naka: le Grand Marché, le marché de Wadata, la Grande Mosquée, le Musée National, le stade Seyni Kountché, le pont Kennedy, le rond-point Maourey, l'Hôpital National, l'université, l'aéroport, sai ka cika da na unguwarku, gidan mai da kantin magani da makaranta, wato la station, la pharmacie, l'école.

Doka ta a aji ita ce ba a rubuta suna tsirara. Kowane wuri da le ɗinsa ko la ɗinsa za ka haddace shi, kamar tare aka haife su. Dalili kuwa, Bahaushe yana zuwa da jinsin da ya sani daga gida, shi kuma Faransanci bai san da wannan zance ba. A wurinmu kasuwa mace ce, gada mace ce, masallaci namiji. A wurinsu an juya: le marché, le pont, amma la mosquée. Har ma musée da ke ƙarewa daidai da mosquée namiji ne, le musée. Kada ka nemi hujja, babu. Ka kuma lura da château. Ɗalibi ya duba ƙamus ya ga an ce fadar sarki ce, sai ya zo yana tambaya ta ina fadar take a Château Un. Tankin ruwa ne, château d'eau, aka gutsure sunan.

Na biyu, aikatau. Huɗu kawai nake bayarwa a makon farko: continuez (kontinuwe), ci gaba, tournez (turne), sha kwana, prenez (prene), ɗauki ko bi, traversez (traverse), tsallaka. Dukansu da sautin "e" suke ƙarewa, ba a furta z ɗin. Wannan siga ce ta girmamawa, ta vous, irin yadda muke ce wa babba "ku miƙe". Ni ba na koyar da sigar tu ko kaɗan a wannan mataki. Wanda ya tare ka a hanya baƙo ne, ba ka san ko wane ne ba, in ka girmama yaro ba ka yi asara ba, in ka ce wa dattijo tourne kuwa ka yi masa tsaurin ido.

Na uku, ga inda nake so ka zauna da kyau, don nan ne kowa ke faɗuwa, nan ni ma na faɗi.

Hagu ba ta da rigima: à gauche, a gosh. Rigimar tana tsakanin dama da miƙewa. Dama ita ce à droite, ana furta ta "a druwat". Miƙewa ɗoɗar kuwa tout droit, "tu druwa". A rubuce harafi ɗaya ya raba droit da droite. A baki kuma sauti ɗaya ne tak, wannan "t" ta ƙarshe. Ga shi harshenmu bai cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, ko dai mu haɗiye shi ko mu liƙa masa wasali. Sai ka ji mai son ya ce dama ya ce "a druwa", mai son ya ce miƙe kuma ya ce "tu druwat". Ta biyun nan ta fi muni, domin rabinta miƙewa ce rabinta dama, mai sauraro sai ya zaɓi wadda kunnensa ya kama.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai, ban daɗe da zuwa daga Maraɗi ba, ina tsaron shagon kawuna. Da azahar wani mutum ya tsaya a kan babur, matarsa a baya ta rungume yaro lulluɓe da zane, kan yaron ya langaɓe a kafaɗarta. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Zabarmanci. L'hôpital kawai yake maimaitawa. Na san hanyar sarai, miƙewa zai yi ya yi nisa kafin ya sha wata kwana. Sai na ce masa "droite, droite", a zatona in an ninka kalmar ta zama miƙewa, yadda muke cewa gaba-gaba. Ya yi godiya ya ja babur, kwanar farko ya karya dama. Kawu da ke alwala a gefe ya ɗago kai.

"Kai, me ka ce wa bawan Allah nan?"

"Kawu, ce masa na yi ya miƙe."

"A'a ɗana, dama ka tura shi. Ɗauki keke ka bi shi maza."

Na zaga layukan nan har aka kira la'asar ban gan su ba. Har yau ban san ƙarfe nawa suka isa asibiti ba, ban san yadda yaron ya ƙare ba. Shi ya sa ɗalibaina suke cewa Mushe, wato ni malaminsu, ya cika naci a kan kalma biyu. Ina da dalili.

Ga yadda nake cire wa mutum wannan. Dama ita ce hannun cin tuwo, tuwo kuma da "t" yake farawa. To kalmar da ke da "t" a ƙarshe ita ce ta hannun tuwo: druwat. In babu tuwo, babu kwana, miƙe abinka: tu druwa. Ka tsaya gaban bango, ka ɗaga hannun dama ka buga cinya daidai lokacin da "t" ɗin ke fita, sau ashirin. Sannan ka miƙa tafin hannu gaba, ka ce tout droit ka bar bakinka a buɗe a ƙarshe, sau ashirin. Bayan nan ka sami wani, ko ƙaninka ne, ya juya maka baya, kana faɗa yana nunawa da hannu. In ya nuna abin da ba shi kake nufi ba, laifin bakinka ne, sake. Kwana uku ana wannan kafin in yarda a wuce gaba, kuma kada ka taɓa raba kalmomin da abokan tafiyarsu: à tana tare da droite, tout yana tare da droit. Ko "t" ɗin ta ɓace cikin ƙarar motoci, farkon maganar zai cece ka.

Akwai wani tarko kuma da ba na harshe ba ne. Mu da gabas da yamma muka saba kwatance, "ka yi kudu, in ka kai bakin masallaci ka yi gabas", kuma gabas ɗaya ce ga kowa ko ina ya fuskanta. Dama da hagu ba haka suke ba. In kuna fuskantar juna da mai tambaya, damarka hagunsa ce. Saboda haka kafin ka buɗe baki, juya ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ku kalli inda zai nufa tare. Est da ouest da nord da sud suna nan a ƙamus, amma in ka ce wa baƙo ya yi est zai tsaya yana kallonka ne kawai.

A Yamai droite tana da wani aiki na uku. Za ka ji ana cewa rive droite da rive gauche, wato gaɓar dama da gaɓar hagu ta kogin Kwara. Ba daga inda kake tsaye ake lissafin ba, daga inda ruwa ya nufa ne. Ka fuskanci inda yake gangarawa, wajen Gaya, abin da ke damarka shi ne rive droite, wato Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Tsakiyar gari yana rive gauche. In baƙo ya ce zai je rive droite, tsallake kogi yake nufi, kada ka nuna masa kwanar dama. Sai ka tambaye shi ta wace gada, tunda yanzu uku ne: pont Kennedy ta 1970, deuxième pont da 'yan Sin suka gina aka buɗe a 2011, da troisième pont mai sunan Seyni Kountché.

Na huɗu, kalmomin da ke ajiye wuri kusa da wuri: à côté de, kusa da ko gefen; en face de, daura da, wato tsallaken titi suna kallon juna; derrière, bayan; devant, gaban; avant, kafin; après, in an wuce; jusqu'à, har zuwa. Nan ne wahalar da ka sha ta haddace le da la za ta biya ka. De in ta haɗu da le sai su dunƙule su zama du, à da le su zama au. Don haka en face du marché, amma en face de la mosquée. Jusqu'au rond-point, amma jusqu'à la station. In ka ce "de le marché" za a gane ka, ba wanda zai ɓata, sai dai kunne ba ya so. Wanda ya fi haɗari shi ne avant da devant, don na farko na tafiya ne, na biyu na tsayuwa. Avant la pharmacie, ka sha kwana tun ba ka kai ba. Devant la pharmacie, a ƙofarta abin yake.

Nisa kuwa, shawarata ka guji mita. Mun saba ƙirga kuɗi da dala, cinq cents, wato ɗari biyar, a kanmu ɗari ce, cent kuma, wato ɗari, ashirin ce. Na sha ganin direba ya ji cinq cents mètres ya fara neman wurin bayan mita ɗari. Ƙirga layuka ya fi: la première rue, la deuxième, la troisième. In sun wuce uku, nemi wata alama. Ka riƙe le feu, danja, da le carrefour, mararraba, da l'échangeur, gadar sama irin ta Mali Béro. A unguwanni kuma ba abin da ya kai goudron da latérite amfani, kwalta da jar hanya: quittez le goudron, prenez la latérite.

Daga nan sai haɗawa. Jimla gajera, umarni ɗaya a kowace, kada su wuce huɗu:

Continuez tout droit jusqu'au rond-point. Tournez à gauche. Après la station, prenez la deuxième rue à droite. C'est en face de la pharmacie.

In hanyar ta fi haka tsawo, kai shi babbar alama ta gaba ka ce là-bas, demandez encore, in ya je can ya sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata, wanda aka ɗora wa kwana bakwai a kai shi ke ɓata. Kullum in za ka fita, ka riƙa yi wa kanka kwatancen hanyar da kake bi a hankali, daga gida zuwa kasuwa, gobe daga kasuwa zuwa tasha. Masu kabu-kabu sun fi kowa saurin kamawa saboda wannan, yini suke suna bita ba su biya ko dala ba.

Masu zuwa Kwatano sarin kaya su ƙara kalma ɗaya, von, haka suke kiran ƙananan layukan unguwa a can, za ka ji deuxième von à gauche. Sauran duk ɗaya ne.

Saura guda uku na kare kai. In ya yi sauri: répétez doucement, s'il vous plaît, don Allah a maimaita a hankali. In wurin kusa ne kuma kana da hali: suivez-moi, biyo ni, ka shige gaba. In kuma ba ka san wurin ba, kada kunya ta sa ka nuna masa ko'ina, ka ce je ne connais pas, demandez au taximan, ka nuna masa inda masu taksi ke tsayawa.