Yadda ake ɓare fatar kankare da leza a tsohuwar tashar nukiliya

Gurɓatar da ke bangon tsohuwar tashar nukiliya yawanci a fata take tsayawa, 'yan milimita kaɗan. Nan sinadarin siziyom-137, mai fitar da radiyeshin mai cutarwa, yake maƙalewa, shi kuwa sai ya shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Shi ya sa ake ɓare fatar kaɗai, a rage yawan sharar da adana ta ke cin kuɗi.

Bayan an auna an san zurfin gurɓatar, kada a kunna leza, wato na'urar da ke harba haske mai tsananin zafi, tukuna. A huda bango a zaro ɗan kankare a duba tsakuwar ciki. Idan ta dutsen farar ƙasa ce, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, aiki zai tafi daidai, fatar za ta riƙa fashewa tana tsalle. Idan kuwa giranit ce, wato tsakuwar da muke zubin dakin da ita a Katsina, sau da yawa narkewa take yi ta zama kamar gilashi, ta rufe gurɓatar a ciki.

Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne tsuke haske. Wanda ya saba yankan ƙarfe da leza yakan tara hasken a ɗigo guda, sai kankare ya narke, babu ɓarewa. Buɗe shi ake yi ya kai faɗin kamar milimita 60. Zafin ya shiga farat ɗaya, ruwan da ke cikin kankare ya zama tururi, sama ta kumbura ƙasa na sanyi, sai fata ta fashe. Don haka busasshen kankare ya fi taurin kai. A gwada a ɗan lungu kafin a kama bango gaba ɗaya. Kada kuma a tsayar da hasken wuri guda.

Aikin yana cin lokaci. Cibiyar binciken walda ta TWI da ke Ingila, da leza mai kilowat 5, ta kwashe minti 110 kafin ta ɓare murabba'in mita ɗaya zuwa zurfin milimita 10.

Hannun mutum-mutumi ne ke riƙe kan lezar, ma'aikaci na nesa yana kallo ta kyamara, domin hasken ba a ganinsa amma yana makantarwa. Bututu na zuƙe ɓaraguzan zuwa gangar ƙarfe, ƙurar ta bi ta matatar HEPA mai kama ƙananan ƙwayoyin ƙura. A sake auna bangon, inda na'ura ta nuna saura a maimaita.